Gadar Gaya da Malanbil: Kogi Ɗaya, Garuruwa Biyu

Rannan ina koya wa yara labarin ƙasa, sai na zana Kogin Kwara a kan allo. Na sa ɗigo ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Na ce musu, wannan Gaya ce a ƙasar Nijar, wannan kuwa Malanbil a ƙasar Binin, akwai gada a tsakaninsu. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to, gadar ta wace ƙasa ce?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni dai ban yi dariya ba, gama tambayar nan ta yaro sai da ta kai gaban manyan alƙalan duniya kafin a amsa ta. Ina so masu karatu su ji labarin wannan gada, domin akwai abin koyi a ciki ga kowane gida.

Kafin a yi gada

Gaya tana kusurwar kudu maso yammacin Nijar, cikin jihar Doso, wajen kilomita 300 daga Yamai. Mutanen Kebbi sun san ta sarai, gama daga Kamba zuwa Gaya tafiya ce 'yar kaɗan. Malanbil kuwa ita ce babban gari na ƙarshe a arewacin Binin, ƙasar da a dā ake kira Dahome. Sunanta na asali Tasi, watau rairayi da harshen mutanen wurin. Faransawa ne suka laƙa mata sunan wani gwamnansu na Dahome mai suna Malan.

Ƙasar nan duka, hagu da dama na kogi, sunanta Dandi. Sa'ad da rundunar Maroko ta karya daular Songai a shekara ta 1591, sauran 'ya'yan sarauta suka biyo kogi zuwa kudu, suka ci gaba da mulki a Dandi. Har wa yau Dandawa suna zaune a ƙetare biyu, harshensu ɗaya, suna auren juna. Tare da su akwai Zabarmawa, da Hausawa, da Fulani makiyaya, da Sarkawa masu su. A wurin mutanen nan kogi hanya ne, rumbu ne kuma. A cikinsa suke kama kifi, a fadamarsa suke noman shinkafa, a tsibiransa shanu suke samun ciyawa da rani.

Kakanninmu fatake ma sun san wannan yanki. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, tilas ya ƙetare Kwara, ko ta wajen Yawuri, ko Illo, ko Gaya, sa'an nan ya ratsa ƙasar Bargu. Sukan sayi gishirin Foga da ake dafawa a kwarin da ke kusa da Gaya, su ƙara a kan kayansu. A bakin ruwa madugu ba shi da ta cewa sai abin da 'yan fito suka ce. A sauke kaya daga kan jakai, a jera cikin kwalekwale, a biya kuɗin fito, a yi ta kai da kawowa har ayari ya ƙare. Kogin kuwa a nan sau biyu yakan cika a shekara. Akwai cikar damina, ta ruwan da ya sauka a kewaye. Akwai kuma ta hunturu, gama ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini yakan yi watanni a hanya kafin ya iso Dandi.

Gyaɗa ta kawo gada

Da Turawa suka raba Afirka, Dahome da Nijar duka suka faɗa hannun Faransa. Saboda haka a zamanin kogin nan iyaka ce kawai tsakanin gwamna da gwamna, masu yi wa gwamnati ɗaya aiki. Tuta ɗaya ce, kuɗi ɗaya. Malamai da akawuna 'yan Dahome da yawa suka hau arewa suna aiki a makarantu da ofisoshin Nijar, gama ilmin boko ya riga isa ƙasarsu.

Nijar ba ta da bakin teku. Duk abin da za ta sayar waje, da duk abin da za ta sayo, sai ya bi ta ƙasar wani. Faransawa suka ja hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa arewa, ta kai Paraku a 1936, tafiyar kilomita 438. A nan ta tsaya. Daga Paraku zuwa bakin kogi, sama da kilomita 300, sai mota. In mota ta iso Malanbil sai ta jira jirgin fito ya haye da ita.

A lokacin babban arzikin Nijar gyaɗa ce, ta Maraɗi da Damagaram. Hanya mafi kusa gare ta ita ce ta Kano, inda jirgin ƙasa yake kwashe ta zuwa Ikko. Amma Nijeriya ƙasar Ingilishi ce, Faransawa kuwa ba su so arzikinsu ya dogara ga hanyar wani. A farkon shekarun 1950 suka yi wani shiri na tallafa wa masu motoci, domin motar da ta kawo kaya daga Paraku ta koma da gyaɗa. Da motoci suka yawaita, jirgin fito ya kāsa. Dalilin da ya sa aka gina gada ke nan, aka gama ta a 1958. A shekara ta 1959 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukuma guda ta haɗin gwiwa mai kula da jirgin ƙasa da sufurin kaya tsakaninsu. Tafiyar da fatake suke ɓata kwanaki a kanta, da aka gama gadar sai ga yaro da keke yana yinta cikin 'yan mintoci.

Kogi ya zama iyaka

Gadar tana da shekara biyu kacal aka sami 'yancin kai. Dahome ta samu ran 1 ga Agusta 1960, Nijar ran 3 ga watan. Dare ɗaya iyakar gwamnoni ta zama iyakar ƙasashe. Aka kafa tuta a wannan bakin gada, aka kafa wata a wancan, aka zuba 'yan kwastan da 'yan sanda. Faransawa kuwa sun tafi ba su bar wata takarda da ta bayyana sarai inda iyakar ta bi a cikin ruwa ba.

Sama da Gaya akwai wani babban tsibiri mai suna Lete, mai fadama da ciyawa. Fulani daga wajen Nijar suna zaune a kansa da shanunsu, manoma daga wajen Dahome kuma suna cewa gonakinsu ne. Tun a watan Yuni 1960, kafin a sauke tutar Faransa, aka yi faɗa a tsibirin da dare, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone bukkoki.

Abin ya tsananta a 1963. A watan Oktoba soja suka tuɓe Hubert Maga, shugaban Dahome, wanda yake abokin Diori Hamani na Nijar. Zumuncin shugabanni ya yanke, maganar Lete ta taso. Kafin shekara ta ƙare Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, ta ce su koma gida. Mutane dubbai ne, waɗansu sun yi shekaru suna koyar da 'ya'yan Nijar, 'ya'yansu ma a can aka haife su. Suka ɗaure kayansu, hanyar gida kuwa ta kan gadar nan ta bi. Dahome ita ma ta rama, ta tsare kayan Nijar a Kwatano, ta rufe hanya. Kowace ƙasa ta tura soja wajen kogi.

Allah ya kiyaye, ba a gwabza yaƙi ba. Maƙwabta suka shiga tsakani. A watan Janairu 1965 shugabanni suka sadu a Yamusukuro ta ƙasar Kwaddibuwa, suka yarda mutanen ƙasashen biyu su zauna a Lete lafiya har ranar da za a warware maganar. Ranar nan sai da aka jira ta shekara arba'in.

A gaban alƙalai

Cikin shekarun nan ciniki ya ci gaba, har aka ƙara gina gada ta biyu kusa da ta fari a ƙarshen shekarun 1980. Amma maganar tsibiri tana nan kamar ƙaya a tafin ƙafa, in an manta da ita sai a taka. A ƙarshe, a 2001, ƙasashen biyu suka sa hannu a takarda cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Heg a ƙasar Holan, kuma duk abin da kotu ta yanka za su karɓa.

Kotu ta yanke shari'a ran 12 ga Yuli 2005. Ta duba yadda ma'aikatan Faransa suke tafiyar da sha'anin kogin kafin 'yancin kai, ta ce iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar da jirage suke bi. Bisa ga wannan aka raba tsibirai 25 da ke tsakani: 16 na Nijar, har da Lete, 9 na Binin. A wajen Kogin Mekuru kuwa, can yamma, maganar Binin ce kotu ta ɗauka. Kowa ya samu, kowa ya rasa.

To, sai tambayar yaron nan, gada fa? Nijar ta ce a sa iyaka daidai tsakiyar kowace gada, tun da yake ƙasashen biyu ne suka ɗauki nauyin gininta da gyaranta daidai wa daida, dukiyarsu ce su biyu. Binin ta ce a'a, iyakar da ke kan gada ta bi wadda ke cikin ruwa. Kotu ta goyi bayan Binin a nan. Watau in kana tafiya a kan gada, sai ka zo daidai bisa inda layin nan yake a cikin ruwa, a nan ka fita wata ƙasa ka shiga wata. Ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin, ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Wannan abin yabo ne ƙwarai, gama ƙasashe da yawa sun zubar da jinin samarinsu a kan abin da bai kai Lete ba.

Abin da gada ta ɗauka

Daga Kwatano zuwa Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, kuma shekara da shekaru kafin a toshe gadar a 2023, mafi yawan kayan da Nijar take sayowa daga ƙetaren teku ta wannan hanya suka riƙa shiga. Shinkafa, da sukari, da magunguna, da kayan gini, da motocin hannu waɗanda da yawansu daga Gaya suke gangarawa Nijeriya. Daga arewa kuwa albasa take sauka, da wake, da dabbobi. Ƙarfen yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971, shi ma ta kan gadar nan aka daɗe ana kai shi bakin teku.

Kasuwar Malanbil ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Binin, inda mutanen ƙasa uku suke haɗuwa, Binin da Nijar da Nijeriya. Amma kada mu duba manyan motoci kaɗai. Akwai 'yan dako, da masu sayar da abinci a tasha, da 'yan acaɓa, da makanikai, waɗanda tuwon gidansu a kan gadar nan yake. Akwai matar da aka auro daga ƙetare, wadda takan je ganin uwarta ta komo kafin magariba. Akwai masu zuwa suna, da biki, da ta'aziyya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, gada kuwa ita ce ta ba ƙafa wurin takawa.

Sa'ad da aka toshe ta

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai daga hannun Shugaba Bazum. Bayan kwana huɗu ƙungiyar Ecowas ta sa wa Nijar takunkumi, ta umarci ƙasashenta su rufe iyakokinsu da ita, har ta yi maganar tura soja. Binin ta rufe nata gefe. Nijar kuma ta girke sojanta, aka gindaya manyan motoci da kwantenoni a kan gada.

Ɗaruruwan motocin kaya suka yi jerin gwano a hanyar Malanbil, makonni suna wucewa. Kayan gwari suka ruɓe a cikin mota. Direbobi da yaransu suka cinye guzurinsu. Abincin agaji da magunguna suka maƙale a hanya, farashin shinkafa ya hau a kasuwannin Nijar. 'Yan kasuwa suka koma sauke kaya a Lome ta ƙasar Togo, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, hanya mai nisa, mai tsada, mai hatsari.

Talakawa fa? Suka koma wa abin da kakanninsu suka sani. 'Yan fito suka fito da kwalekwalensu. Motar fasinja ta sauke mutane a wannan gaɓa, su shiga jirgi da kayansu, har da babura, su haye, wata mota ta ɗauke su a wancan gefe. Tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya suna ƙetare ruwa cikin kwalekwale, ga gada sama da kansu, lafiyarta lau, ba ko tsaga a jikinta.

Ran 24 ga Fabrairu 2024 Ecowas ta janye takunkumi, Binin ta buɗe nata gefe. Amma Nijar ta bar nata a rufe. Ta ce tsaron ƙasarta ne dalili, tana zargin akwai sojan Faransa a arewacin Binin masu nufinta da sharri. Binin ta ce ba haka ba ne. A watan Mayu na shekarar rigima ta kai ga man fetur. An riga an ja bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin Agadem a gabashin Nijar zuwa bakin teku a Binin, sai Binin ta hana loda man na ɗan lokaci, ta kuma tsananta wa masu fito. A watan Yuni tsofaffin shugabannin Binin biyu, Nisefor Soglo da Boni Yayi, suka tafi Yamai neman sulhu. Zuwansu ya sa wuta ta ɗan lafa, duk da haka shekarar 2024 ta ƙare gadar tana toshe. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga Ecowas.

Ba aikinmu ba ne a wannan shafi mu ce wane ne da gaskiya. Abin da ya bayyana shi ne, a 1963 da 2023 duka, ba ambaliya ce ta hana mutane wucewa ba. Yarda ce ta karye tsakanin manya. Da yarda ta karye, siminti da ƙarfe ba su amfana wa kowa kome ba.

Bagade a bakin Urdun

Labarin nan yana tuna mini da abin da ke cikin Littafin Joshuwa, sura 22. Bayan an raba ƙasar alkawari, kabilar Ra'ubainu, da ta Gad, da rabin ta Manassa suka koma gādonsu a gabashin Kogin Urdun. Da suka kai bakin kogi suka gina babban bagade. Sauran kabilai da ke yamma suka ji labari, suka zaci 'yan'uwansu sun bar Ubangiji. Nan da nan suka taru a Shilo da shirin yaƙi.

Amma kafin su zare takobi suka aiki Finehas, ɗan Ele'azara firist, da shugabanni goma su je su tambaya. Mutanen gabas suka bayyana musu cewa ba don hadaya suka gina shi ba. Tsoro suke ji kada wata rana 'ya'yan mutanen yamma su dubi kogi su ce shi ne iyaka, na ƙetare ba su da rabo cikin Ubangiji. Sun gina bagaden ya zama shaida ga na baya cewa jama'a ɗaya ce. Finehas ya koma da wannan amsa, jama'a suka yabi Allah, aka fasa yaƙi.

A bakin wannan kogi dai, a zamanin Yefta, cikin Littafin Mahukunta sura 12, mutanen Gileyad suka tsare mashigai suna karkashe 'yan'uwansu Ifraimawa, suna gane su ta yadda suke furta kalma guda. Kogin bai sāke ba. A karo na fari an sami masu ƙetarewa su tambaya, aka kuma sami masu saurara. A karo na biyu magana ta zama ta fāɗa da gori, sai takobi.

Gadojin gidanmu

Ya ku iyaye, ko ba mu taɓa ganin Gaya ba, kowane gida yana da irin wannan gada. Akwai ta tsakanin miji da mata, da ta tsakanin suruka da matar ɗa, da ta tsakanin wa da ƙane bayan rabon gādo. Akwai ta tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, da ta tsakanin manomi da makiyayi, har da ta tsakanin ikilisiya da ikilisiya. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin tambaya shi ne, in an saɓa, me muke yi da gadar?

Sau da yawa mukan gindaya mata kwantena. A daina gaisuwa, a hana yara shiga gidan kawunsu, a ƙi zuwa ta'aziyya. Mu manya muna ganin mun rama. Amma dubi waɗanda suke cikin kwalekwale: 'ya'yanmu ne, masu saduwa da 'yan'uwansu a ɓoye a hanyar makaranta, da tsohuwar da take so ta ga jikokinta duka a tabarma ɗaya kafin ta bar duniya.

Tarihin gadar nan ya nuna mana abu uku. Na fari, maganar da aka ƙi warwarewa ba ta mutuwa. Ta Lete ta yi shekara 45 tana jira. Na biyu, ba abin kunya ba ne a kai magana gaban wanda ɓangare biyu suka yarda da shi, a kuma karɓi hukunci ko da ba a sami duk abin da ake so ba. Na uku, toshewa ta fi buɗewa sauƙi. Kwana huɗu suka isa a rufe iyaka a 2023, amma ko bayan an janye takunkumi, zargi ya hana a kawar da abin da aka gindaya. Ubangijinmu Yesu, wanda ya sulhunta mu da Allah ta wurin gicciyensa, bai jira mu fara ƙetarowa ba. Shi ya fara zuwa wurinmu. Wanda ya san wannan, bai kamata ya zauna yana jira ɗan'uwansa ya fara gaishe shi ba.

Da na gama ba yara labarin, na komo kan tambayar yaron nan. Na ce masa alƙalai sun nuna inda iyaka take, amma gada dai guda ce, in rabinta ya rufu duka ta rufu. Sa'an nan na ba su aikin gida, kowa ya tambayi iyayensa ko akwai gidan dangi da aka daɗe ba a je ba, da abin da ya hana. Ga wannan aiki na ba masu karatu su ma. A lokacin addu'ar iyali a wannan wata, ku tuna da mutanen Gaya da Malanbil, da 'yan fito da masu shiga jiragensu, da shugabannin Nijar da Binin, Allah ya ba su zuciyar sulhu. In kun tashi daga addu'a kuwa, a sa ranar zuwa gidan nan.